Takardar saki ba ta ambaton yara

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar firamare, kuma a cikin shekarun nan na koyi gane mutuwar aure daga rajistar aji tun kafin labarin ya iso mini ta bakin kowa. Yaron da bai taɓa fashi ba sai ya fara zuwa kwana biyu ya tsallake uku, aikin gida ya daina dawowa da sa hannun babba, sannan wata safiya a kira sunansa a ji shiru, wani daga bayan aji ya ce an tafi da shi. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da har yau ba ta fita daga raina ba. An kawo mana ita ana tsakiyar zangon karatu na biyu, da na karɓi littafinta na lissafi na buɗe, sai na tarar da jan biron malamai uku daban-daban, kowannensu ya fara mata darasi bai kai ƙarshensa ba aka ɗauke ta. Da lokacin jarrabawa ya ƙarato aka ga ita kaɗai ce ba a biya wa ba, na kira ta gefe na tambaye ta wa zan tuntuɓa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, Baba ya ce in tambayi Mama tunda a wurinta nake, Mama kuma ta ce in tambayi Baba tunda shi ya haife ni." Ba ta yi kuka ba, ta faɗi maganar ne kamar mai biya haddar da ta daɗe da zama a bakinta, kuma wannan ne ya fi taɓa ni.

Tun daga ranar nake bibiyar dokokin saki, kuma abin da na fi lura da shi shi ne ƙarfin doka da na masu shari'a yakan ƙare ne a kan manya biyu. Ana tsayawa a tantance ko igiya ta tsinke, da saki nawa ne ya auku, da wanda ya jawo, da abin da za a mayar da wanda za a riƙe, a yi ta kai-komo har kowa ya gaji. Maganar yara kuwa sai a bar ta a ƙarshe, idan ma an tuna da ita, a ce iyaye za su daidaita a tsakaninsu. To mutanen da suka kasa daidaitawa a kan zama ƙarƙashin rufi ɗaya, ta yaya za a sa ran su daidaita da kansu a kan ɗawainiyar shekara goma ko fiye, a daidai lokacin da zukata ke tafasa? Takardar saki kanta layi uku ce ko huɗu, tana ɗauke da sunan miji da na mata da adadin saki da kwanan wata, ba ta faɗin inda yaro zai kwana a daren nan, ko wanda zai kai shi asibiti idan zazzaɓi ya tashi. Ra'ayina shi ne duk auren da aka samu rabo a cikinsa, kada hukuma ta rufe shafin rabuwarsa sai an rubuta a gaban alƙali wurin zaman yaran da ciyarwarsu da karatunsu da yadda za su riƙa ganin wanda ba ya tare da su, kuma karɓo kuɗin da aka yanke ya zama aikin hukuma, kada a bar wa uwa ta yi ta bin ƙofa. Ba ina magana a kan ko sakin da miji ya furta ya auku ko bai auku ba, wannan fage ne na malaman fiƙihu. Maganata a kan abin da zai biyo bayan aukuwarsa ce.

Wanda yake ganin wannan baƙon tunani ne, ya koma ya karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta zo nan take bayan ayoyin saki. Ayar ta ɗora wa wanda aka haifa wa ɗan ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon abin da aka sani na kirki, ta ce ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko a cutar da uba saboda ɗansa, sannan ta ce magaji ma akwai irin wannan nauyin a kansa. Ke nan ko mutuwar uban ba ta kashe haƙƙin yaron, balle mutuwar aure. Hatta yaye kafin cikar shekara biyu ayar ta rataya shi a kan yardar su biyun da shawarar juna, abin da ke nuna cewa mutanen da suka rabu ana son su ci gaba da zama su tattauna a kan ɗansu. Aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ sun ƙara fito da maganar fili: a ciyar da mai ciki har ta sauka, a biya mai shayarwa ladanta, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa mai maƙo ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba ta izinin ta ɗauki abin da zai wadace su daidai da sanin ya kamata, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. A mazhabar Malikiyya kuwa nauyin ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana mai iya neman na kansa, ita kuma 'ya mace har ta tare a ɗakin mijinta. Babu inda aka ce wannan nauyin yana faɗuwa don yaran suna hannun uwarsu.

Haka maganar riƙo take. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya wadda ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa ta yi jayayya da shi, har suka je gaban Halifa Abubakar, Umar yana cewa ɗansa ne, ita ma tana cewa ɗanta ne. Abubakar ya umarce shi da ya bar mata yaron, kuma Umar, duk da matsayinsa da ƙarfin halinsa da kowa ya sani, bai ƙara cewa uffan ba. Nakan so iyaye maza su tsaya su yi tunani a kan wannan shirun na Umar, domin ba rashin son ɗansa ne ya sa ya yi shi ba. Malikiyya sun tafi a kan cewa uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare. Hanafiyya sun taƙaita lokacin, inda suke mayar da yaro namiji ga uba a wajen shekara bakwai, Shafi'iyya kuma suna ba yaron da ya yi wayo zaɓi tsakanin iyayensa. Akwai wani kuskure da ya zauna a kawunan mutane da yawa, cewa da zarar uwa ta yi wani aure sai yara su koma hannun uba kai tsaye. Gaskiya ne aurenta da wanda ba muharramin yaron ba yana iya kayar da haƙƙinta, amma a jerin da Malikiyya suka tsara, mahaifiyarta ce ke biye da ita, sannan 'yar'uwarta, kafin a gangaro ɓangaren uba. Dalilin tsarin a bayyane yake, ana neman hannun da ya fi tausayi da haƙuri da ƙaramin yaro, yayin da walicci da ciyarwa suke nan daram a wuyan uba.

Idan aka kwatanta da wasu wurare za a ga cewa wannan tsari ya riga su da nisa. A Ingila, har zuwa 1839, uba ne ke da kusan cikakken iko a kan 'ya'yan aure, sai da wata marubuciya mai suna Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku, ta yi ta fafutika sannan majalisa ta ba iyaye mata damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba. Sai a hankali dokokin duniya suka taru a kan ƙa'idar da a yau ake kira maslahar yaro, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a sashe na 3 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989. Saboda haka matsalarmu ba ta rashin ƙa'ida ba ce, ƙa'idoji suna nan jibge a littattafan fiƙihu da kundayen doka. Gibin yana tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke isa hannun yaro a ƙarshen wata.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata kotu a kan irin wannan shari'a, muka yi rabin yini a kan benci muna jiran a kira mu, kuma abin da kunnuwana suka ji a wannan baranda ya fi mini karatun littafi. Wani magidanci yana gaya wa wanda ya rako shi, da murya mai ƙarfi don matar ta ji, "In dai kuɗi take so ta ba ni 'ya'yana, ba zan ciyar da yara a gidan wani ba." Da aka shiga gaban alƙali kuma, matar da ta zo neman ciyarwa ta tashi tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na yafe komai, ni dai a bar mini 'ya'yana." Alƙalin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce mata abin da take yafewa ba nata ba ne, na yaran ne. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, amma na san ba kowane zaure ake faɗinta ba. Cinikin da ke gudana a ɓoye ke nan a gidaje da yawa: uba yana barazanar ƙwace yara don a daina tambayarsa kuɗi, uwa tana sarayar da kuɗin don kada a ƙwace mata yara, su kuma yaran da aka yi cinikin a kansu ba wanda ya tambaye su. Sau da yawa uban da ya karɓe su ba shi zai rene su ba, zai miƙa su ne ga wata matarsa wadda ba ta nemi wannan nauyin ba, ko ga tsohuwar mahaifiyarsa da ƙarfinta ya ƙare. Haka abin yake a hul'i, inda mace mai neman fansar kanta takan amince ta ɗauke wa mijin ciyar da yara alhali ba ta da ko sisi. Dokar iyali ta Maroko ta toshe wannan ƙofar, domin ta hana a yi hul'i da haƙƙin yara idan uwar ba ta da hali, kuma idan ta ɗauki nauyin daga baya ta talauce, ciyarwar tana komawa kan uban.

Wannan doka ta Maroko, wadda aka sabunta a 2004, ita ce ta fi kusa da abin da nake kira a yi, kuma ƙasa ce ta Musulmi mabiya Malikiyya. A can mijin da ke son sakin matarsa sai ya nemi izinin kotu, kotu ta yi ƙoƙarin sulhu, idan akwai yara ta yi zama biyu da tazarar aƙalla kwana 30 a tsakani. Idan sulhu ya faskara, alƙali zai ƙayyade kuɗin da mijin zai ajiye a asusun kotu cikin kwana 30, wanda ya ƙunshi haƙƙin matar da ciyarwar yara, in kuwa bai ajiye ba sai a ɗauka ya janye niyyarsa. Dokar ta kuma ware kuɗin muhallin yaro daban da na ci da sha, ta ba yaron da ya kai shekara 15 damar zaɓen wanda zai zauna da shi. Tunisiya ta mayar da saki hannun kotu tun 1956, Indonesiya ta yi haka a dokar aurenta ta 1974, Pakistan kuma tun 1961 ta wajabta wa mai saki ya sanar da shugaban ƙaramar majalisar yankinsa a rubuce, a jira kwana 90 ana neman sulhu. Ba lalle ne mutum ya yarda da duk abin da ke cikin waɗannan dokoki ba, ni ma akwai wuraren da nake da ja, sai dai duka sun fahimci abu ɗaya, wato ranar rabuwa ita ce ranar da hukuma ta fi samun damar riƙe hannun iyayen biyu a lokaci guda. Idan aka bari wannan rana ta wuce, kowa ya kama gabansa, sauran sai ihu bayan hari.

Amma yanke hukunci daban, karɓo kuɗi daban. Mata da yawa suna da takardar hukunci a ƙasan akwati wadda ba ta taɓa zama ko sabulu ba. Uban zai biya wata biyu ya tsaya, ita kuma ta koma kotu ta sake yanko sammaci, ta kashe a mota da zirga-zirga abin da ya kusa kai wanda take bi, har ta gaji ta bar wa Allah. Sashe na 27 na yarjejeniyar 1989 ya ɗora wa gwamnatoci alhakin ɗaukar matakan karɓo wa yaro ciyarwarsa daga iyayensa, ko suna cikin ƙasar ko suna waje, ita ma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ta ce kada a hana yaro ciyarwa saboda matsayin auren iyayensa. Ƙasashen da suka ɗauki maganar da gaske sun bi hanyoyi biyu. Ostareliya a 1988 ta kafa hukumar karɓar kuɗin kula da yara a cikin ofishin haraji, ana cire kuɗin daga albashi tun kafin ya shiga aljihun mai shi. Wasu kuma suka ce yunwar yaro ba ta jiran a kamo ubansa, don haka gwamnati ta fara biya sannan ta bi uban bashi. Tunisiya ta kafa irin wannan asusun a 1993, Masar ta kafa nata a 2004 a ƙarƙashin Bankin Nasir na jin daɗin jama'a, ana tara masa kuɗi daga ɗan abin da ake biya wajen rajistar aure da saki da haihuwa, Jamus kuma a 2017 ta faɗaɗa nata tallafin har yaro ya kai shekara 18. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce an cire uwa daga matsayin mai roƙo, an kuma cire yaro daga matsayin ɗan aike, bashin ya koma tsakanin uba da hukuma.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce yawancin iyaye maza ba su da albashin da za a cire wani abu daga ciki, manoma ne da 'yan kasuwa da masu aikin hannu waɗanda samunsu ke hawa da sauka, wasu kuma da gaske ba su da shi. Wannan gaskiya ne, kuma dokar da ta rufe ido daga gare shi za ta zama wata sabuwar cuta. A Amurka an ga yadda ƙayyade wa talaka kuɗin da ya fi ƙarfinsa ke tara masa bashin da ba zai taɓa biya ba, har ya gudu daga aikin da ake iya ganinsa ya kuma gudu daga yaran gaba ɗaya. Birtaniya ma ta kafa hukumarta a 1993, lissafinta ya yi sarƙaƙiya, basussuka suka taru, har aka fara maye gurbinta da wata a 2012. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne a yanke abin da mutum zai iya, kamar yadda ayar ta ce, a bar ƙofa a buɗe don a rage idan samu ya ja baya a kuma ƙara idan ya bunƙasa, sannan a tsaya a kan abin da aka yanke ba sani ba sabo. Kaɗan mai zuwa kowane wata ya fi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya a shekara, domin da shi ne uwa za ta iya tsara rayuwar yaro. Ɗauri kuwa ya zama mataki na ƙarshe, kuma ga mai hali da ya ƙi kawai, domin uban da ke kurkuku ba ya nemo komai. Sai dai kada talaucin wasu ya zama mafakar masu shi. Mutumin da ya iya haɗa sabon aure wata uku bayan saki, bai kamata a saurari kukansa na babu ba idan aka zo kan kuɗin makarantar 'ya'yansa na fari.

Wasu mazan kuma sukan ce ba ƙin ciyarwa suke yi ba, tsoronsu shi ne kuɗin ya ƙare a kan buƙatun uwar ko na sabon mijinta. Ko da hakan na faruwa a wasu gidaje, maganinsa mai sauƙi ne: uba ya biya makaranta kai tsaye ya riƙe rasit, ya biya asibiti kai tsaye, sauran na ci da sutura ya tura ta hanyar da ke barin shaida, kamar banki ko waya, yadda gobe babu mai musun wani. Amma ya kamata maza su san cewa renon yaro ba a lissafa shi duka a takarda. Wadda ta kwana zaune da mai tari, ta fasa fita neman kuɗi don ta yi jinya, ta biya nata kason da abin da ba ya shiga rasit. Masu cewa tilasta ciyarwa zai ƙara wa mata ƙwarin gwiwar neman saki kuwa, ina ganin sun juya maganar. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya rage sakin gaggawa, domin wanda ya san cewa furucinsa ba zai sauke masa ɗawainiyar yara ba zai auna kafin ya buɗe baki. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma akwai auren da rabuwa ce alherinsa, amma bai dace a ce rabuwa ta zama hanya mafi arha ta tsere wa nauyi ba.

Ɓangaren da na fi sani, kuma wanda doka ta fi mantawa da shi, shi ne makaranta. Karatun yaro gini ne da ake ɗora bulo a kan bulo, wanda bai iya tarawa da ɗebewa ba ba zai iya rabawa ba, wanda kuma bai iya haɗa baƙi a aji biyu ba zai yi ta jan ƙafa har ya bar makaranta. Duk lokacin da aka ɗauke yaro ana tsakiyar zango, ba kwanakin tafiya kawai ya rasa ba, ya rasa malamin da ya san inda yake tuntuɓe, da abokan da yake tambaya idan bai gane ba, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya sake buɗe baki a sabon aji. Yarinyar da na ambata kaifin basira gare ta, amma ta riga ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ba ta iya lissafi, alhali ba a taɓa barin ta ta gama darasi ɗaya a hannun malami ɗaya ba. Ga kuma wata rigimar da shugabannin makarantu suka sani sarai: uwa ce ke riƙe da yaro, amma uba ya zo ya ce shi ne waliyyi, a ba shi takardar canjin makaranta, ko ya hana a bayar, yaro ya zauna a gida ana jayayya. Masar ta fuskanci wannan har ta gyara dokar yara a 2008, ta ba wanda ke riƙe da yaro ikon kula da al'amuran karatunsa, idan aka samu saɓani kuma alƙali ya raba gardama cikin gaggawa. Ina ganin ko da ba a kai nan ba, aƙalla hukuncin rabuwa ya ambaci sunan makarantar da yaro yake, da wanda zai biya, da sharaɗin cewa ba za a ɗauke shi ba sai ƙarshen shekarar karatu in ba da wata larura ba. Idan da an kiyaye umarnin aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ, cewa kada a fitar da wadda aka saka daga gidanta kuma kada ta fita har ta gama idda, da yara da yawa sun samu watannin da za su kammala zango kafin komai ya sauya musu.

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a kan maza kaɗai. Akwai iyaye mata da ke mayar da yaro sandar dukan tsohon miji, su hana shi ganin 'ya'yansa, su kashe waya idan ya kira, su cika kunnen yaro da laifuffukan ubansa tun bai san ma'anarsu ba. Ayar da ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ita ce ta hana a cutar da uba saboda ɗansa, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu, sai dai idan hakan zai cutar da shi. Don haka kada a haɗa ziyara da kuɗi, a ce wanda bai biya ba ba zai gani ba, ko wanda aka hana gani ba zai biya ba, domin duka biyun haƙƙin yaron ne, kuma idan aka yi ramuwa da ɗaya shi ake hukuntawa sau biyu. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da lura cewa gabar da ke ci gaba tsakanin iyaye bayan rabuwa tana cikin abubuwan da suka fi yi wa yaro illa, kuma abin da nake gani a aji bai saɓa wa haka ba. Yaron da ake zagin ubansa a gabansa yana jin rabin jikinsa ake zagi, wanda ake aibata uwarsa kuma yakan koyi ɓoye abin da ke ransa, ya zama mai fuska biyu, ɗaya ta gidan Baba ɗaya ta gidan Mama. Tarbiyya ba ta tsayuwa a inda manya biyu ke rushe maganar juna, wannan ya hana wancan ya halatta don a so shi. Wannan ɓangare doka ba ta iya shiga cikinsa sosai, aikin dangi ne da malamai da duk wanda iyayen ke jin nauyinsa, kuma aiki ne da ya kamata a fara tun ranar da aka ji labarin sakin, kafin kowa ya ƙulla nasa a zuciya.

A makarantar da nake, abin da muka iya yi bai taka kara ya karya ba. Mun ƙara layi ɗaya a takardar ɗaukar ɗalibai, muna rubuta lambar wayar uwa da ta uba ko da ba sa tare, kuma idan sakamakon jarrabawa ya fito muna sanar da su biyun, sai fa inda kotu ta hana ko muka san akwai haɗari ga yaron. Wasu ba sa amsawa, wasu sukan ce kada mu ƙara kiran su. Amma bayan mun aika da sakamakon wannan yarinyar a ƙarshen shekara, wata ranar Litinin wani mutum ya zo ya tsaya a bakin ofis riƙe da wayarsa, ya yi sallama, ya faɗi sunanta, ya ce shi ne mahaifinta. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Ya daɗe yana duban takardar sakamakon da na miƙa masa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, don Allah a wane aji take yanzu?" Na gaya masa, na kuma nuna masa abin da ake bin ta, ya biya rabi a take ya ce zai kawo sauran kafin a koma hutu. Na tambaye shi ko in kira masa ita, ya ce in bari tukuna a tashi tara, kada ya katse mata darasi, ya koma ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ajinsu ya tsaya yana jira.